Miyar da Aka Dafa Sau Biyu

Ban san ko tun da aka fara ɗora tukunya a kan wuta an taɓa yi wa wani magidanci irin zaluncin da ake yi mini ba. Na ji labarin waɗanda aka tuɓe daga mulki, na ji na attajiran da aka raba da dukiyarsu, amma su aƙalla an bar su su dafa ruwan shayi. Ni kuwa, a gidan da na gina da gumina, an sa wa ƙofar kicin kwaɗo, makullin yana ɗaure a gefen zanen matata. In ina son ruwan zafi sai na tsaya na roƙa, kamar baƙon da ya zo kwana biyu ya ƙi tafiya. Mutum kamata, mai shekara hamsin da biyu da ake ɗauka ɗan arba'in ne, mai gashin bakin da har direbobin kamfani ke tambayar wanda ke gyara shi!

Tunda a gida ba mai saurarena, zan ba da labarin a nan. Don kada a ce na yi son kai kuma, zan ba da shi kamar na wani ne. Mu kira shi Maigida.

Maigida mai kula da sito ne a wani kamfanin kayan masarufi, shekararsa ashirin da huɗu yana aikin. Mutum ne mai basira, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Ya daɗe da gano cewa kwanan watan da ake bugawa a gindin gwangwani dabara ce kawai ta masu kaya, don a zubar a sake saye. Yakan ce wa leburori, "Kun taɓa ganin gwangwanin da ya iya karanta kalanda?" Su yi dariya, don shi ne ke rubuta sunan wanda ya zo aiki.

Wata shekara aka ware katan shida na kifin gwangwani da tumatir da wa'adinsu ya wuce, aka ce a kai bola a binne. Maigida ya ji tausayinsu. Ya kawo su gida ranar da ba kowa, ya kafa tsani, ya tura su ta ƙaramar ƙofar silin da ke saman kicin. A watannin farko yakan sauko da ɗaya ɗaya, ya goge kwanan watan da auduga da ɗigon kananzir, ya ajiye a kan kanta kamar daga kanti ya sayo. Ba wanda ya ko yi tari. Daga baya gwiwa ta fara damunsa, hawan tsani ya yi masa wuya, ya manta da sauran. Suka zauna a ƙarƙashin rufin kwano shekara uku, rana tana gasa su, damina tana turara su.

Mutum uku ne a gidan: shi, da matarsa, da ’yarsu Auta, wadda yayyenta duk sun yi aure sun watse. Auta tana yin kek na sayarwa. Abin da ya bambanta ta da sauran masu sana'ar harshenta ne. Takan ɗanɗani kwaɓin fulawa da bakin cokali ta ce, "Ƙwan nan ya kwana a rana," a bincika a ga haka ne. Daga unguwanni masu nisa ake zuwa ƙofar gidan da oda.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar, matar ta ɗora miyar kifi da tumatir, ta yafa mayafi za ta je dubiya asibiti.

"Baban Auta, in ta ƙara tafasa ɗaya ka kashe wutar. Ba sai ka juya ba, ba sai ka ɗanɗana ba. Kashewa kawai."

"Ni za a koya wa kashe wuta?" in ji shi.

Tana fita ya shiga ɗaki, ya zauna gaban madubi da tsohon buroshin haƙori da kwalbar baƙin rini. Aikin gashin baki ba ya son gaggawa. Akwai wani silin furfura a gefen hagu da ya addabe shi, sai da ya bi shi sau uku. Ƙauri ne ya tashe shi. Kafin ya isa kicin hayaƙi ya cika, miyar ta koma gawayi, ta manne a gindin tukunya.

Wani mutumin da sai ya jira matarsa ya ce ya yi kuskure, a yi masa tsiya ta kwana biyu, a wuce wurin. Amma Maigida ya riga ya ji dariyar a kunnensa, ya ga labarin ya kai wa surukai. Ya kankare tukunyar da soson ƙarfe har ta yi ƙyalli. Ya kafa tsani, ya cije haƙori saboda gwiwa, ya laluba cikin duhun silin ya zaro gwangwani huɗu. Duk sun kumbura, sun yi tumbi sama da ƙasa. Da ya soka wa na farko wuƙa sai ya yi fiii, ya fesa masa ruwa a gaban riga. Warin ya sa idonsa ya kawo ruwa. Ya juye su a tukunya, ya antaya barkono da tafarnuwa da citta har warin ya ja da baya. Bai bari ta tafasa ba, lokaci ya ƙure. Ta ɗan yi ɗumi kawai ya sauke, ya ajiye ta a buɗe a bakin ƙofar kicin don iska ta kwashe sauran warin. Bai yi bisimilla ba, tun daga hawan tsani har sauke tukunya. Wanda ke sauri ya rufe ɓarna ba ya son ambaton Wanda ke kallonsa.

Rana ta yi ja, ta fara nutsewa. Tsakar gidan ta yi shiru irin wanda ba a saba da shi ba. Tsuntsayen da ke taruwa a kan waya kullum a wannan lokaci ba su zo ba. Tukunyar tana nan a buɗe, tururi siriri yana tashi, yana lanƙwasa zuwa cikin kicin, zuwa sama, ko da yake babu iska.

Matar ta dawo. Ta ɗanɗana miyar, ta ɗaga tukunyar ta dubi gefenta da ke ƙyalli, ta dubi mijinta. Ta ce, "Na cika barkono yau." Ita ba ta cin yaji saboda gyambon ciki, ta jiƙa biredi a shayi. Maigida ya ce ya ci abinci a wurin aiki. Auta ta shigo daga kai oda, da yunwar yini ɗaya da murar da ta toshe mata hanci. Ta zuba a kan shinkafa ta cinye, ta ƙara.

Ana sallame sallar magariba dutse na farko ya faɗo a kan rufin.

Maigida ya ce yaran maƙwabta ne, ya fita ya yi faɗa da iska. A ransa ya ce gwangwani ne ya fashe a sama, zafi ya saki sanyi ya kama. Ya ji daɗin wannan bayanin ƙwarai, har washegari a daidai lokacin, da duwatsu suka zubo uku a jere, ɗaya ya gangaro tsakar gida ya tsaya a gaban takalminsa. Ƙarami ne, baƙi, mai santsi. Ya ɗauka ya ji shi da ɗumi kamar yanzu aka cire shi daga tafin hannun wani.

A ranar Auta ta ce tana ganin mahaifiyarta biyu. Fatar idonta ta yi nauyi, sai ta ɗaga da yatsa. Da ta sha ruwa ya dawo ta hanci.

Kwana na uku, da hasken yamma ya fara dishewa, aka ji murya a cikin silin. Ba kuka ba ne sosai. Irin gunjin nan ne da mace ke yi a maƙogwaro in tana jijjiga yaro marar lafiya, a hankali, ba tsayawa. Wani baƙin ruwa ya tsattsafo daga kusurwar ƙofar silin, ya bi bangon kicin ya sauko, kauri gare shi kamar man inji. Can sai gunjin ya tsaya cak. Shirun da ya biyo baya ya fi muryar ban tsoro. A ɗakinta, Auta, wadda tun safe ba ta iya ɗaga kai, ta tashi zaune tsaf, ta juya fuskarta ga bango.

"Baban Auta, mu kai ta asibiti," matar ta ce, muryarta ƙasa ƙasa.

Kafin ya amsa, yayarsa ta iso. Yaya mace ce mai faɗin kafaɗa da faɗin murya, ta reni Maigida tun yana goye, kuma shekara talatin tana jiran ranar da za a tabbatar mata ƙanenta ya yi auren asara. Ta ji labarin duwatsu, ta ga ruwan bango, ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Asibiti? Allura za a yi wa mai jifa? Ke dai faɗi gaskiya, me kika zuba wa mutanen ɓoye? Mace kullum tana yawon dubiya, tukunyarta a buɗe har faɗuwar rana! Me kika ba yarinyar nan ta ci?"

Matar ta dubi mijinta. Shi kuwa ya shafa gashin baki ya ce, "Maganar Yaya abin dubawa ce. Wannan ba ciwon likita ba ne." A nan dole a yi masa adalci: shi ma yana son ’yarsa. Sai dai ya san tambayar farko da likita zai yi. Aka ƙara kwana biyu ana turare da shafe-shafe, Auta tana ramewa, numfashinta yana gajarta.

Rana ta biyar matar ta fita ba ta nemi izinin kowa ba, ta dawo da wani malami da ke yi wa mutane ruƙiyya. Tsoho ne siriri, ba carbi mai tsawo, ba jaka, gorar ruwa kawai a hannunsa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsaya, ya shaƙi iskar gidan sau biyu, ya dubi saman kicin. Sannan ya shiga ɗakin Auta, ya sa uwar ta riƙe kanta, ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya koma ruwan toka. Ba dutse, ba motsi, sai muryarsa tana hawa tana sauka. Sai yatsun Auta suka fara murɗewa. Bakinta, wanda ya kwana biyu ba ya iya haɗa kalma, ya buɗe, wata murya ta fito, ta mace babba, mai kaushi kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa na riga na ƙone."

Yaya ta ja jiki ta manne da bango.

"Wace ce ke?" in ji Malam. "Me ya haɗa ki da baiwar Allah nan?"

"Maƙwabciya ce. A saman kicin ɗinsu nake tun kafin a haifi wannan. Ban taɓa ɓatar musu da ko cokali ba. Aka zo aka jibge mini ruɓa a ɗaki, shekara uku ina shaƙa, ban ce uffan ba."

"To me ya canza?"

"Ina da ɗa." Muryar ta tsaya, ta ci gaba. "Ina da ɗa, a da. Ƙarami ne, bai san komai ba. Ka san ƙa'idar, Malam. Abin da aka rufe aka ambaci Allah a kansa ba namu ba ne. Abin da aka bari a buɗe ba ambato, yaranmu suna sa hannu. Ya ga tukunya a bakin ƙofa. Lasa uku ya yi. Kwana uku ina jijjiga shi."

Matar Maigida tana hawaye ba sauti, hannunta a kan goshin ’yarta.

"Allah ya ba ki haƙuri," Malam ya ce a hankali. "Amma yarinyar nan ba ita ta dafa ba. Ita ma ci ta yi, kamar naki."

"Na sani. Shi ya sa na zaɓe ta. In na ɗauki wanda ya dafa, wa zai ji abin da na ji?"

"Ba zan bar ki ki tafi da rai ba. Zan ci gaba da karatu har ɗayanmu ya faɗi. Faɗi abin da za a iya biya."

Kan Auta ya juya sannu a hankali. Idanun da suka kwana uku a rufe suka buɗe tar, suka bi ɗakin, suka wuce Yaya, suka wuce uwar, suka tsaya a bakin ƙofa inda Maigida yake tsaye da hularsa a hannu.

"Ba na son rago, ba na son turare. Magana ɗaya nake so. Wanda ya dafa ya ce shi ne, da bakinsa, a gaban mutanensa. In ya faɗa kafin ladan ya gama kiran salla, in fita ban taɓa ko gashinta ba."

Kamar jira ake, ladan ya ɗaga murya daga masallacin bayan layi.

Maigida yana da hujjoji, kuma masu ƙarfi. Na farko, aljani ba abin yarda ba ne. Na biyu, Yaya tana wurin, abin da Yaya ta ji kuwa dangi sun ji, kamfani ma zai ji. Na uku, ya yi niyyar faɗa, wallahi ya yi, yana neman yadda zai tsara maganar ne ta fito da mutunci. Ladan ya kai rabi. Ya buɗe baki, ya gyara murya. Ladan ya shiga jimlar kusa da ƙarshe. Ya sake gyara murya.

"Ni ce," in ji matarsa. "Ni na dafa. Ki bar mini ’yata."

"Ai na faɗa!" Yaya ta yi tsalle. "Na faɗa tun ranar farko!"

Kiran salla ya ƙare. Daga bakin Auta wata dariya ta fito, gajeriya, ba daɗi a cikinta.

"Ƙarya kike, baiwar Allah. Amma ƙaryar uwa ce, na san irinta. Don ita zan bar miki ranta, zan bar miki maganarta. Sai dai ba zan tafi hannu wofi ba. Ɗana ɗanɗano ne ya kashe shi. Da ɗanɗano zan tafi."

"Ba mu yi haka da ke ba," Malam ya ce, ya ɗaga murya da karatu.

"Ba da kai na yi ba, Malam. Da wanda na yi, ya ji."

Ƙafar Auta ta hagu ta yi rawa, babban yatsan ya miƙe ya saki. Ta yi atishawa uku, ta faɗi a jikin uwarta. A saman kicin aka ji wani abu mai nauyi an ja shi, kamar mace ta ɗauki ƙunshi, sannan shiru.

Malam bai tsaya shan ruwa ba. Ya nemi tsani da tocila, ya hau da kansa, ya leƙa silin, ya sauko yana toshe hanci da gefen rawani. Ya daɗe yana kallon Maigida. Abin da ya ce kawai shi ne, "Nawa aikin ya ƙare. Ku kai ta asibiti yanzu, ba gobe ba. Abin da ke sama kuma a binne shi da zurfi." Da aka sauko da katan-katan ɗin, tambarin kamfanin Maigida a jikin kowanne, Yaya ta tafa hannu ta ce ashe aljanun har sata suke yi, sun bi ƙanenta wurin aiki sun kwaso. Maigida ya gyaɗa kai ya ce lallai abin nasu ya wuce hankali.

Likita ta ce guba ce irin ta gwangwanin da ya kumbura. Ta ce da an kawo ta tun rana ta biyu da ba a kai ga saka mata na'urar numfashi ba. Sati shida Auta ta yi a kwance. Idonta ya buɗe, ƙafarta ta taka, muryarta ta dawo. Ranar da aka sallame ta uwar ta haɗa mata shayi, ta kurɓa ta ce, "Mama, kin manta sukari." Cokali uku ne a ciki. Likita ta ce wannan ba ta san dalilinsa ba, ƙila ya dawo. Shekara biyu ke nan.

Har yanzu tana yin kek, da ma'auni da agogo, kamar kowa. In ta kwaɓa sai ta ɗebo a bakin cokali ta kai wa uwarta, mai gyambon ciki, ta tsaya tana kallon fuskarta don ta karanta. Masu zuwa daga nesa sun daina zuwa. Wasu sun ce hannunta ya canza, wasu sun ce ba sa cin abin gidan aljanu. Yaya kuwa duk taron dangi sai ta ba da labarin matar da ta kusa kashe ’yarta da miya, matar tana zaune tana ji, ba ta taɓa musawa ba. Kwaɗon nan ta saya ranar da suka dawo daga asibiti, ta sa, ba ta yi bayani ba, ba a tambaye ta ba.

Sau ɗaya Maigida yana zaune kusa, Auta ta fito da cokalinta, uwar tana salla. Ya miƙa hannu yana murmushi ya ce, "Kawo Baba ya ɗanɗana miki, ai ni ma na san daɗi." Ta dube shi, ba fushi, ba komai. Ta ce, "Bar shi, Baba. Zan jira Mama." Ta tsaya a wurin da cokalin a hannu har aka sallame.

To, kun ji irin zaman da nake yi. Na so in ci gaba da cewa Maigida, amma na gaji da shi. Watan jiya, ranar da suka fita su biyu suka manta ba su danna kwaɗon ba, na kafa tsani da faɗuwar rana, na tura kaina cikin silin. Ba komai a ciki sai ƙura da zoben tsatsa inda gwangwanaye suka zauna. Na ce, "Ni ne." Na sake faɗa da ƙarfi. Kalma biyu ce, ba ta kai tsawon numfashi ɗaya ba, na auna. Ba wanda ya amsa, mai karɓa ta riga ta tashi.

Ni na ƙona miyar, ni na sake dafa ta, ni na hana a tafi asibiti, ni na tsaya ina gyaran murya har ladan ya gama. Gashin bakin ma na daina rina shi. Ya yi fari fat, ba wanda ya lura.